Tsohuwar motar tsere ko sabuwa: abin da tarihin Dubai ya nuna

A yau za mu leƙa birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, domin mu duba wata tambaya da masu sha'awar motoci a can suka daɗe suna muhawara a kanta. Mutum ne yake da tsohuwar motar tsere, irin mai ƙofa 2 da aka ƙera domin gudu, ta shekara 30 ko 40 a duniya, ga kuma sabuwa fil a kantin dillali tana ƙyalli. Shin ya ba da tsohuwar ya yi ciko ya karɓi sabuwar, ko kuwa ya riƙe abarsa? Wataƙila wani ya ce ai wannan matsalar masu hannu da shuni ce. Haka ne, amma lissafin da ke ciki shi ne wanda mai tsohuwar Fijo a Kano ko mai tsohuwar Marsandi a Maraɗi yake yi duk lokacin da dillali ya tare shi da maganar musaya.

Bari mu fara da tarihin garin, domin shi ne zai nuna mana yadda tambayar ta samo asali. A shekarar 1958, lokacin da Sheikh Rashid bin Sa'id Al Maktoum ya hau gadon sarauta, Dubai ƙaramin gari ne na 'yan kasuwa da masunta a bakin wani mashigin teku. Motar da ta dace da wurin a wancan zamani ita ce Landiroba, saboda yawancin hanyoyi rairayi ne. A shekarar 1960 aka buɗe filin jirgin sama, a 1963 aka buɗe gadar Al Maktoum da ta haɗa ɓangarorin garin 2. A 1966 aka daina tuƙi ta hannun hagu aka koma hannun dama, kuma a wannan shekara ce aka gano man fetur a cikin teku, aka fara fitar da shi waje a 1969. Ran 2 ga watan Disamba na 1971 aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga nan kuɗi suka shigo, aka shimfiɗa titunan kwalta masu faɗi, motar da ke kusa da ƙasa ta sami inda za ta yi gudu. A waɗannan shekaru, mai kuɗi ba ya dogon tunani. Da zarar sabon samfuri ya fito, sai ya kawar da na bara.

Duk da haka, tsoffin motoci sun nuna kansu a Dubai tun da wuri. Ran 4 ga Disamba na 1981, a bikin cikar ƙasar shekara 10, an shirya tseren da aka kira Dubai Grand Prix a kan titunan da ke kusa da otal ɗin Hyatt Regency a unguwar Deira. Ba ya cikin jerin gasar duniya ta Formula 1, amma manyan tsoffin direbobi sun halarta, ciki har da Stirling Moss na Ingila da Juan Manuel Fangio na Ajantina, wanda ya ci gasar duniya sau 5 a shekarun 1950. Wani abin da ya ja hankalin 'yan kallo shi ne motocin tsere na shekarun baya da aka kawo daga Turai. Ba a sake yin tseren ba a shekarar da ta biyo, kuma sai a 2004 Dubai ta sami filin tsere na dindindin, wato Dubai Autodrome. A wannan fili ne aka farfaɗo da bikin 1981 a shekarar 2021, da tsoffin motoci zalla. Wato garin da ya yi suna wajen son sabon abu ya dawo yana daraja tsohon.

To, mene ne ainihin bambancin tsohuwar motar tsere da sabuwa ta fuskar kimiyya? Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne motar Porsche 911 ta ƙasar Jamus. An nuna ta karo na farko a bajekolin motoci na Frankfurt a 1963, aka fara sayar da ita a 1964 da inji mai silinda 6 da ƙarfin doki 130. Injin yana baya, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Duk wanda ya san Volkswagen Beetle ɗin nan mai siffar kunkuru, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, ya san irin wannan inji: babu lagireto, fanka ce ke hura iska a kan ƙarafan silinda. A cikin Porsche, baƙin mai ma yana ɗaukar wani babban kaso na zafin, shi ya sa injin yake cin fiye da lita 10 na baƙin mai.

Kamfanin ya ci gaba da wannan tsari fiye da shekara 30. Samfurin ƙarshe mai sanyin iska shi ne wanda aka laƙaba wa lamba 993, aka daina ƙera shi a 1998. Wanda ya gaje shi, mai lamba 996, ya fito a 1997 da lagireto da ruwa. Dalili kuwa a fili yake. Kilo 1 na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kilo 1 na iska kusan sau 4. Idan kuma aka auna da mudu ɗaya, wato lita da lita, bambancin ya haura ninki 3,000. Injiniyoyi suna son su sa bawul 4 a kan kowace silinda a maimakon 2, domin injin ya shaƙi iska sosai ya ƙone mai da kyau, amma kan silinda mai bawul 4 yana tara zafin da iska kaɗai ba ta iya kwashewa. Ga kuma dokokin Turai da Amurka na rage hayaƙi da ƙara. Inji mai ruwa yana zama a kan zafi ɗaya, abin da ke rage gurɓataccen hayaƙi, kuma ruwan da ke kewaye da silinda yana danne ƙara.

A Dubai wannan bambanci ya fi na Jamus tsanani. Da bazara zafi yakan haura digiri 45 a ma'aunin Celsius, kuma iskar da ke saman kwalta ta fi haka zafi. Injin da ya dogara da iska yana jin daɗi ne idan mota tana tafiya. Idan ta maƙale a cunkoson titin Sheikh Zayed da rana tsaka, fankar tana juyawa a hankali, iskar da take hurawa ita ma mai zafi ce, sai baƙin mai ya tsinke ya kasa shafe ƙarafa yadda ya kamata. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci a can suka fi fito da su tsakanin watan Nuwamba da Maris, ko da asuba, ko da dare. Sabuwar kuwa, musamman wadda aka ƙera domin ƙasashen yankin Gulf, tana da tsarin sanyaya inji da na'urar sanyaya ɗaki da aka gwada a cikin irin wannan zafi.

Na'urar sanyaya ɗakin ma tana da nata tarihin. Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990 suna amfani da iskar gas mai suna R-12. An gano cewa irin wannan gas yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga haske mai cutarwa na rana, saboda haka yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tanadi a daina yin sa. Masu ƙera motoci suka koma R-134a. Mai tsohuwar mota dole ya sauya wasu sassan na'urar kafin ta karɓi sabon gas, kuma sau da yawa sanyin ba ya kai na motar zamani. A Landan wannan ƙaramin abu ne. A Dubai a watan Agusta, shi ne ke raba motar da za a shiga da wadda za a ajiye.

Haka batun mai yake. A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano cewa zuba wani sinadarin dalma a cikin fetur yana hana inji ƙwanƙwasa. Dalmar kuma tana barin wani shafi a kan mazaunin bawul, wanda ke hana shi cinyewa. Daga baya aka tabbatar da cewa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2003, kuma a 2021 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa an daina sayar wa motoci shi a duk duniya, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Injin Porsche bai damu da wannan sosai ba, domin mazaunin bawul ɗinsa mai tauri ne tun asali. Amma tsoffin motoci da yawa masu kan silinda na baƙin ƙarfe suna bukatar a sauya musu mazaunin bawul, ko a riƙa ƙara wani sinadari a tanki.

Sai kuma maganar da ta fi kowace nauyi, wato rai. A 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel ɗin kujera mai kama ƙirji da ƙugu, irin wanda muke ɗaurawa yau. A 1978 Marsandi da Bosch suka fito da birki mai aiki da lantarki wanda ke hana taya ƙamewa idan an taka da ƙarfi. A 1995 suka ƙara da na'urar da ke gyara wa mota zama idan ta fara zamewa a kwana. A tsakanin nan jakar iska ta zama ruwan dare. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai suna IIHS ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009, kowace tana gudun kusan kilomita 64 a awa. Mutane da yawa sun ɗauka tsohuwar mai kaurin ƙarfe ce za ta yi nasara. Sai ga shi ɗakin tsohuwar ya rufta a kan mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba, na sabuwar kuwa ya tsaya, domin an tsara gabanta ya murƙushe ya shanye bugun kafin ya iso ga mutum. Idan aka zo nan, babu muhawara: sabuwa ta fi tsare rai.

To, idan haka ne, me ya sa mutane suke ƙin rabuwa da tsohuwar? Amsa ta farko ita ce kuɗi. Sabuwar mota tana fara zubar da daraja tun ranar da ta bar kantin dillali, kuma a shekarun farko ne faɗuwar ta fi yawa. Wasu tsoffin kuwa hawa suke yi. Waɗanda suka ba da 993 a ƙarshen shekarun 1990 suka karɓi 996 sun sami mota mai ƙarin ƙarfi da sanyi. Amma masu sha'awa ba su karɓi sabuwar hannu bibbiyu ba, har suka riƙa yi wa fitilunta ba'a cewa suna kama da soyayyen ƙwai. Bayan shekara 20, sai ga 993 mai kyau tana ninka 996 kuɗi a kasuwa. Samfurin Carrera RS na 1973, wanda guda 1,580 kawai aka ƙera, wasu daga cikinsu sun haura dala miliyan 1 a gwanjo a tsakiyar shekarun 2010. A 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO, ɗaya daga cikin 36 da aka ƙera, a kan dala miliyan 48.4. A watan Mayu na 2022 kuma aka sayar da wata Marsandi 300 SLR mai rufi ta 1955, ɗaya daga cikin 2 masu rufi da ke duniya, a kan Euro miliyan 135. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai a lura da alƙaluman nan: 1,580, da 36, da 2. Ƙaranci ne ya ba su daraja, tare da tarihi da kuma kasancewar sassansu na asali ne. Tsufa kaɗai ba ya yin haka. Kasuwar ma ba ta da tabbas. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988, kuɗin tsoffin motocin kamfaninsa ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ciwo bashi suka saya da fatan riba, sai kasuwar ta faɗi a farkon shekarun 1990, da yawa suka tafka asara.

Dubai ta ga irin wannan da idonta. Lokacin da matsalar tattalin arzikin duniya ta 2008 ta iso, kuɗin gidaje ya faɗi, baƙi da yawa suka rasa aiki, kuma a watan Nuwamba na 2009 kamfanin Dubai World na gwamnati ya nemi a ɗaga masa lokacin biyan bashi. A wancan lokaci, ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku, dokar da aka sassauta daga farkon 2022. Wasu da suka sayi motoci da bashin banki suka bar su a wuraren ajiye motoci, har da na filin jirgin sama, suka fice daga ƙasar. Jaridun Ingila da Amurka sun ambaci dubbai, 'yan sandan Dubai suka musanta wannan adadi. Amma hotunan motoci masu tsada da ƙura ta lulluɓe sun zagaya duniya, kuma wanda ya fi shahara shi ne na 2012, na wata Ferrari Enzo, ɗaya daga cikin 400 da aka ƙera, tana yashe a filin ajiya na 'yan sanda.

Waɗannan hotuna suna koyar da wani darasi na kimiyya. A 1889 masanin sinadarai Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya bayyana yadda zafi ke hanzarta sauyin sinadarai, kuma daga nan aka sami ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita a taƙaice, cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewa. Roba tana bushewa ta tsage, batir yana mutuwa da wuri, fetur ɗin da ya daɗe a tanki yana zama danƙo ya toshe kafireto, fatar kujera tana dararrashewa. Mutane suna zaton hamada ba ta sa tsatsa, amma Dubai a bakin teku take, iskarta tana da laima da gishiri. Motar da aka ajiye ba a tayar da ita, a irin wannan yanayi, ta fi wadda ake hawa saurin mutuwa. Shi ya sa masu tara tsoffin motoci a can suke biyan kuɗin rumbuna masu sanyi, inda ake lura da laima, ana cajin batir, ana tayar da inji lokaci-lokaci. Wannan kuɗi ne da ke fita kowane wata, ko an hau motar ko ba a hau ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sabuwar ma tana da nata rauni. Ran 16 ga Afrilu na 2024 aka yi ruwan saman da ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar ba tun da aka fara ajiye alƙaluma a 1949, har wani wuri a yankin Al Ain ya sami milimita 254 cikin ƙasa da awa 24. Titunan Dubai suka cika, motoci masu yawa suka nutse. Motar zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, wasu a ƙarƙashin kujera da daɓe, kuma idan ruwa ya shige su, kuɗin gyara yakan fi ƙarfin darajar motar. Tsohuwar da ba ta da irin waɗannan na'urori, makaniki mai haƙuri yana iya kwance ta, ya busar, ya mayar. Ko babu ambaliya, wannan bambanci yana nan. Tsohuwar ana gyara ta da sifana da kunne da gwaninta, sabuwar sai da kwamfutar kamfani. A 2017, lokacin da Porsche ya ƙera 911 ta cikon miliyan 1, kamfanin ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na dukan waɗanda ya taɓa ƙerawa suna iya hawa titi.

Hukumomi su ma sun amince da matsayin tsohuwar mota. Ƙungiyar FIVA ta duniya tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, ana kula da ita yadda aka ƙera ta, kuma ba ita ake hawa kullum ba. Hukumar hanyoyi da sufuri ta Dubai tana ba irin waɗannan motoci lamba ta musamman bayan an duba lafiyarsu. A makwabciyarta Sharjah akwai gidan tarihi na tsoffin motoci, a Abu Dhabi kuma akwai wanda Sheikh Hamad bin Hamdan Al Nahyan ya tara motocinsa a ciki. A ɗaya gefen, 'yan sandan Dubai sun fara sintiri da sabbin motocin tsere a 2013, har Bugatti Veyron ɗinsu mai gudun kilomita 407 a awa ta shiga kundin Guinness a matsayin motar 'yan sanda mafi gudu. Gari ɗaya ne, kowace da wurinta.

Saboda haka, mai shirin musaya zai amfana idan ya fara da tambayar aikin da yake so motar ta yi masa. Idan ita ce zai hau kullum, da zafi da cunkoso, da iyali a gefensa, tarihin bel da birki da lagireto yana goyon bayan sabuwa, kuma darajar da za ta zubar ita ce kuɗin wannan kwanciyar hankali. Idan yana da wata motar ta yau da kullum, da inuwar ajiya, da makanikin da ya san injin, kuma tsohuwar tana cikin waɗanda ba su da yawa, da takardunta da sassanta na asali, to rabuwa da ita abu ne mai wuyar gyarawa, domin kamfani zai sake ƙera sabuwa baɗi, amma ba zai sake ƙera ta 1973 ba. Idan kuwa ba shi da halin kula da ita, gara ya sayar wa wanda zai iya tun tana da rai, kafin rana ta cinye ta. Kuma ko wacce ya zaɓa, abin da ya faru a 2009 ya isa gargaɗi a kan sayen motar alfarma da bashin da albashin wata ɗaya ke riƙe da shi.

A gida ma haka lamarin yake. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Dubbai daga cikinsu sun ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe, domin a lokacin kowa hankalinsa yana kan motocin da ake shigowa da su ta Kwatano. Wanda ya riƙe tasa da fentinta da takardunta, yau yana da abin da ba a samu a kasuwa cikin sauƙi. Wanda ya bar tasa a ƙofar gida shekara 10 tayoyi sun nutse a ƙasa, tsohon ƙarfe kawai yake da shi.